Rufin da Baba Ya Buga

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, har da baƙon da ke hanya. Yaya nauyin jiki? Umma ta ce in tambaye ki ko ƙafar ta daina kumbura, in ba ta daina ba wai ki rage tsayuwa a gaban murhu. Mu nan da sauƙi, in dai wannan ma sunansa sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Duk ranar da na kira ki a waya, kafin in kai ƙarshen magana na fara ɗaga murya, ke kuma sai ki ce to Barkono ya tashi, ki kashe abinki. Takarda ba ta da wurin kashewa. Direban da ke kai kaya garinku zai kawo miki, ki zauna ki karanta har ƙarshe.

Da Umma ta ce miki an ɗan yi iska, rufa miki ta yi don kada hankalinki ya tashi. Yaya, ba iska aka yi ba, bala'i aka yi. Damina ta yi latti, mutane sun gaji da kallon sama, rijiyar bayan gida har ta soma ba da laka. Rannan da rana tsaka sai hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ta gefen da ba mu saba ganinsa ba. Kafin Umma ta gama kwashe shanya iskar ta iso. Da idona na ga kwano yana yawo a sama kamar shafin da aka yage daga littafi. Wani kwanon ya tsinke wayar lantarki, wani ya maƙale a bishiyar ƙofar gidanmu, har yau yana nan yara suna jifansa. Sannan ruwan da ya ƙi zuwa wata da watanni ya zubo gaba ɗaya a zama guda, layinmu ya koma rafi, takalman mutane suna wucewa ɗai-ɗai ba masu su. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba.

Kin san taƙamar Baba. Tun muna yara, in an zo neman kafintan rufi sai ya gyara tsayuwa ya ce rufin da ya buga ba ya tashi. Kuma ba cika baki ba ne, tsawon rayuwata ban taɓa ganin nasa a ƙasa ba. Kusan rabin gidajen unguwar nan shi ya rufa su. To, sun tashi, Yaya. Na mai walda ya tashi, na mai burodi ya tashi, na tsohuwar nan mai keken ɗinki da mijinta ya rasu bara ya tashi ya bar ta rungume da keke a tsakiyar ruwa. Ɗakin girkinmu ma bai tsira ba, na kafintan da kansa. Da ruwa ya tsagaita Baba ya fita ko takalmi babu, ya ɗaga wani kwano da ya faɗa kwata, ya juya shi, ya dinga sa yatsa a hujin ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce likita yana duba rauni.

Ga inda matsalar take. Kin tuna dokarsa: duk rufin da ya buga, in ya yi yoyo ko ya ɗaga, shi zai hau ya gyara da hannunsa, mai gida ya sayo kaya kawai. Da can wannan doka ba ta da nauyi, yoyo ne nan da can. Yanzu unguwa guda ce a buɗe, kuma ya rantse sai ya bi su gida gida. Na ce a kira wasu kafintoci a raba aikin, ya ce ba a kiran baƙo ya wanke wa mutum kunyarsa. Mutumin da ke shan maganin hawan jini safe da yamma, wanda in ya sunkuya ɗaure takalmi sai ya dafa bango!

Ke yake jin maganarki. Ni in na buɗe baki ya ce Farfesan Tsani ya fara lacca, don kin san har yau aikina riƙe masa tsani da miƙa kwano, wai hannuna gaggawa gare shi, lanƙwasa ƙusa nake yi. Don Allah ki kira shi, ki yi masa irin lallashin nan naki. Ba na so a ce mun tsira daga iska kuma gyaran ɓarnarta ya cinye mana shi.

Ki gaida maigidan da yaran. Ki ce wa babbar na ga zanen da ta aiko, amma wancan ba ni ba ne, hancina bai kai haka ba.

Ƙaninki,
Barkono


Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, jikin kuma yana ƙara sauƙi. Saƙonki ya iso, Umma ta gode, ta ce Allah ya sauke ki lafiya.

Na ji kin kira shi, don ina zaune ya ɗauka. Ya dinga ce miki to, to, in sha Allahu, da muryar nan tasa mai laushi da ke kaɗai ake yi wa. Yana ajiye wayar ya ce in ɗauko tsani. Ke nan ke ma kin bi sahuna.

Mun yi faɗa, gara ki ji daga bakina. A shagon mai walda ne, inda nake cajin waya. Baba yana gaya wa mutane wai kada a ɗaga hankali, an taɓa yin irin wannan iska yana saurayi, shekaru haka suke, wata ta zo da fari wata ta zo da ambaliya. Na yi ƙoƙarin haɗiye maganata, ta ƙi haɗiyuwa. Kin san na bar makaranta a tsakiya amma ban bar karatu ba, duk tsohon littafin da mai shimfiɗa a bakin titi ya kawo sai na bi ta kansa, abin da ya rage in nema a waya. Na ce masa rabin maganarsa gaskiya ce. Shekaru hawa da sauka suke yi kamar matakan tsani, masana ma ba su musa ba, har sun ce akwai wani teku mai nisa da in ruwansa ya ɗumama ko ya huce sai yanayin ƙasashe da yawa ya juya. Amma hayaƙin da aka yi shekara da shekaru ana turawa sama ya ɗumama duniyar gaba ɗaya, kamar an ɗauki tsanin nan an ɗora shi a kan duro. Matakan su ne dai, hawa da saukar ma tana nan, sai dai kowane mataki ya fi da tsawo, na ƙarshen kuma ya kai inda ba wanda ya taɓa hawa. Iska in ta yi zafi ta fi ɗaukar ruwa, shi ya sa take riƙewa ta yi ta riƙewa, in ta tashi saki kuma ta saki da fushi.

Ya gama saurare tsaf, sannan ya ce wanda ya ɗora tsani a kan duro ai mahaukaci ne ba kafinta ba. Na ce ai maganar da nake yi ke nan, mahaukata ne suka ɗora, mu kuma muke hawa. Mai walda ya yi dariya har gilashin aikinsa ya faɗi.

Da a nan na tsaya da lafiya lau. Sai na shiga aikinsa. Kin san kwano tudu da kwari ne. Baba tsallake tudu biyu yake yi ya buga ƙusa a na uku, haka maigidansa ya koya masa, haka ya yi duk rayuwarsa. Na ce wannan ya wuce, yanzu sai an buga a kowane tudu, sannan a ɗaure katakon da waya mai kauri a jikin bango, don iskar nan ba kwano kaɗai ta ɗauka ba, har da katakon ta tafi. Ya ce in littafin ya iya riƙe guduma gobe in zo da shi ya hau, shi ya riƙe masa tsani. Mutane suka yi dariya, ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce iskar da ya koyi aiki dominta ta daɗe da mutuwa, shi kaɗai ne bai je gaisuwa ba. Ya ɗauki hularsa ya fita. Tun ranar, ban da miƙo da karɓi ba abin da ke haɗa mu.

Amma ba faɗan ne ya sa na rubuto ba, zafin ne. Tun bayan ruwan nan sama ta rufe bakinta kuma, sai wani zafi mai laima da ban taɓa jin irinsa ba. Gumi ba ya bushewa, riga tana manne wa mutum kamar an jiƙa ta a bokiti. Bango ba ya hucewa har gari ya waye, mutum ya tashi da gajiyar da ya kwanta da ita. Kajin Umma suna tsaye baki buɗe. Shi kuwa Baba ma'auninsa guda ne, kin san shi: ya ɗora bayan hannu a kan kwano, in hannu ya iya zama to mutum ma ya iya zama. Hannun da ya shekara arba'in yana shan ƙarfe, ko garwashi ka ɗora masa sai ya tambaye ka ko an kunna.

Wani abu kuma yana damuna. Aikinsa ya yi nauyi. Rufin da da yake gamawa a yini, yanzu sai ya kwana biyu ko uku a kai. Ƙusa kuwa kamar cinye ta yake yi, jakar da ke isar gida guda tun a rabi take ƙarewa ya ce in ƙaro. Daga ƙasa ba na ganin abin da yake yi, amma na san hannun ne ya fara rawa, yana lanƙwasawa yana zubarwa, girman kai ya hana shi faɗa. Na ce ya bar ni in hau in taya shi, ya ce tsani ma da ƙyar na iya.

Saura gidaje kaɗan. Na mai keken ɗinki ya bari a ƙarshe don ya fi girman ɓarna, mun rufa mata tamfol kafin nan. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Barkono


Yaya,

Gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki ce za ki kamo hanya, Umma ta ce in kika shiga mota da wannan cikin ba ta yafe ba.

Baba yana asibiti. A waya an ce miki jiri ne. Ba jiri ba ne.

A kan rufin mai keken ɗinki abin ya faru. Ranar sama ta yi hazo, rana ba ta fito sosai ba, kwano bai yi zafi ba. Na gan shi ya ɗora bayan hannu, ya leƙo ya yi min wani kallo, irin na ka gani ko. Amma iskar tsaye take cik, numfashi ma sai mutum ya ja da ƙarfi. Lokacin saukowarsa ya yi, ya wuce, ina ta jin guduma. Can sai na ji ta yi shiru. Na kira, ya amsa, amma da sunan ƙaninsa da ya rasu tun ba a haife mu ba ya kira ni, yana cewa in kore awaki daga gonar. Ban san lokacin da na hau ba. Na same shi zaune ya jingina da katako, jikinsa zafi kamar murfin tukunya, kuma a bushe ƙarau, ko ɗigon gumi babu. Ni da mai walda muka sauko da shi da igiya. Tsohuwar ta juye masa duk ruwan da ta tara na sha, tana kuka tana cewa da ta sani da ta zauna a tamfol har ta mutu.

Likita ya ce zafi ne ya fi ƙarfin jikinsa, ya taɓa ƙoda. Ya ce in iska ta cika da laima gumi ba ya iya sanyaya mutum, ko da rana a ɓoye take. Kwanon bai yi masa ƙarya ba, Yaya, tambayar da ya yi masa ce ta tsufa.

Ki ga asibitin nan. Har baranda a cike: mai dakon siminti, mai share titi, tsofaffin da aka ɗauko daga ɗakuna marasa taga. Fanka tana sama ba ta motsi, mata suna fifita da kwali. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ban ga mai masana'anta ko ɗaya ba. Baba kuwa keken hawa kawai gare shi. Hayaƙin da ya tura sama duk rayuwarsa bai wuce na murhun Umma ba. Ina ta neman wanda zan shaƙe, ba kowa sai ma'aikaciyar jinya da ita ma rigarta a jiƙe take, sai na fita na zagi bango.

Yana farkawa jefi jefi. Jiya ya gane ni. Na sunkuya na ɗauka wata magana zai yi, sai ya tambaye ni ko na rufe jakar ƙusa, kada raɓa ta sa ta yi tsatsa. Na ce na rufe.

Ki yi ta addu'a.

Ƙaninki


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ban san da wadda zan fara ba, barka ko gaisuwar rashi, ga su nan duka a takarda guda. Allah ya raya yarinyar, ya ba ki lafiyar shayarwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya masa makwanci. Yaya haƙuri? Umma tana nan, ta fi mu ƙarfi ko ta fi mu iya ɓoyewa. Ta ce ki daina cewa ba ki zo ba, ya sani, kuma har ranar ƙarshe in an ambace ki sai fuskarsa ta saki.

Akwai abin da ban iya gaya miki a waya ba.

Bayan masu zaman makoki sun watse, hadari ya soma haɗuwa kuma da yamma. Rufin mai keken ɗinki yana nan rabi kwano rabi tamfol. Ita kuwa kunya ma ta hana ta bi ta ƙofar gidanmu. Mai walda ya ce zai nemo wani kafinta. Umma tana ji, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da gudumar Baba ta ajiye a gabana, ta koma wankinta. Ƙotar har ta yi kwarmi daidai wurin yatsunsa.

Da sassafe na hau, mai walda ya riƙe min tsani. Ranar da na hau ɗauko shi ban ga komai ba sai shi. Wannan karon na duba.

Yaya, a kowane tudu akwai ƙusa. Kowane ɗaya. A jere suke reras, ba wadda ta karkace, ba wadda ta lanƙwashe. Na ɗaga gefen tamfol na leƙa ƙasa, kowane katako an ɗaure shi da waya mai kauri an murɗe a jikin bango. Na miƙe tsaye na dubi unguwa. Rana ta fara fitowa tana haska kawunan ƙusoshi, na mai burodi, na mai walda, na ɗakin girkinmu da nake wucewa ta ƙarƙashinsa kullum, duk haka suke, layi layi ba tsallake. Hannun da na rubuta miki cewa ya fara rawa, ashe ba rawa yake yi ba. Ninka aikin ya yi sau uku.

Na leƙo na dubi mai walda, ya sunkuyar da kai. Ya ce tun washegarin faɗanmu Baba ya zo da asuba ya sa shi ya yanka masa wayar, yana kai ta sama a cikin buhun kayan aiki, ya kuma ce in ya kuskura ya gaya wa Farfesa sai sun ɓata, don kan yaron nan da ma da ƙyar yake shiga ƙofa. Yana faɗa yana dariya yana share ido da bayan hannu, har tsanin yana girgiza.

Ashe ya ji. Kuma da ya yi yadda ya saba, da ya gama unguwar nan tun kafin zafin ya kai inda ya kai. Na san abin da za ki ce, Umma ta riga ki. Ta ce kwanansa ne ya ƙare, kuma da ya buga irin na da, da iska ta gaba ta sauke kwanon a kan 'ya'yan mutane, shi kuwa wannan ne zai kashe shi sau biyu. Na yarda da ita da rana, da dare kuwa wata magana ce. Kada ki ce min komai a kan wannan tukuna.

Na ƙarasa rufin. Na lanƙwasa ƙusoshi da yawa, gaskiyarsa ce, hannuna gaggawa gare shi. Ina hawa da asuba, rana tana ɗagowa in sauko, ba na tambayar kwano ra'ayinsa. Mutane suna cewa ɗan bai kai uban juriya ba, ina jinsu, kuma ki yi mamaki, ban tanka ba.

Shekaranjiya ruwan ya zo, da iskarsa. Na tafi ɗakin tsohuwar na tsaya a tsakiya ina saurare. Kwano yana kuka, katako yana nishi, amma ba abin da ya motsa. Ita ko ɗaga kai ba ta yi ba, tana ta taka kekenta. Ɓangaren Baba ko ɗigo. A kusurwa guda ne kawai ruwa yake ɗiga, ta tura roba da ƙafa ta tare don kada in gani. Ɓangarena ne.

Gobe da asuba zan hau in gyara. Kin san dokar gidan nan.

Ki gaida maigidan da yara, ki shafa min kan jaririyar.

Ƙaninki,
Farfesan Tsani